Tarbiyyar Barade da Halayen Jarumtaka a Ƙasar Katsina ta Dauri

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwa ta birnin Katsina ana gab da Salla, ya kuma lura da cinikin kayan doki, zai ga sirdi da linzami da likkafa da ragama da jalala suna fita daga hannun masu sayarwa zuwa hannun masu saye. Yawancin masu sayen nan hawan yini ɗaya ko biyu ne a gabansu, daga nan sai a naɗe kayan a ajiye sai wata Sallar. Amma a zamanin da, waɗannan abubuwa kayan aiki ne na wani rukunin jama'a wanda tsaron birni da hanyoyin fatauci ya rataya a wuyansa, watau barade, mayaƙa na kan doki.

Wannan maƙala za ta duba yadda ake renon barde tun yana yaro har ya isa shiga daga, da halayen da jama'a ke nema a wurinsa, da kuma inda waɗannan halaye suka samo tushe. Za a kuma kwatanta shi da takwaransa na ƙasashen Turai, domin an saba amfani da kalmar barde a wajen fassara labarun mayaƙan Faransa da Ingila, har ɗalibai da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne. Akwai kama a tsakaninsu ƙwarai, akwai kuma bambanci mai muhimmanci wanda ya kamata mai nazari ya riƙe.

2.0 Doki da Sarauta a Katsina

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarkin Kano Kanajeji (1390-1410) ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke a cikin kayan yaƙin Hausawa. Wannan ya nuna tun farkon ƙarni na 15 doki ya riga ya zama ginshiƙin yaƙi a manyan biranen ƙasar Hausa. Katsina kuwa ta bunƙasa ne daga zamanin Muhammadu Korau, wajen tsakiyar wannan ƙarni, sa'an nan Ali Murabus, a farkon ƙarni na 16, ya ƙarfafa ganuwar birnin. Daga lokacin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499) aka shiga yaƙe-yaƙe tsakanin Kano da Katsina, ana yi ana hutawa, har zuwa zamanin Sarkin Kano Shekarau (1649-1651) da malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu. Bayan wannan kuma ga Kwararrafa daga kudu, ga Gobir da Zamfara daga yamma. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da zaɓi sai ta tanadi mahaya.

Sunayen ƙofofin birnin ma sun isa shaida. Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa da Ƙofar 'Yanɗaka duk sunayen manyan sarautu ne waɗanda masu riƙe da su kan fita yaƙi da rundunarsu. Ƙaura shi ne babban jagoran mayaƙa a Katsina, kamar yadda Madawaki yake a Kano da Zazzau. A ƙarƙashin irin waɗannan manya akwai sarautun da aikinsu ya shafi doki kai tsaye, irin su Barde da Ubandawaki da Jarmai da Lifidi da Shamaki mai kula da barga. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya sauka Katsina a 1851, ya ƙiyasta cewa Sarkin Katsina na iya fitar da mahaya kamar 2,000 da dakaru kamar 8,000, yawancinsu 'yan baka. A nan za a ga cewa barade 'yan kaɗan ne a cikin runduna, amma su ne ake ji da su.

3.0 Kasuwa da Kayan Barde

Dalilin ƙarancinsu shi ne tsada. Dokin yaƙi na ƙwarai daga Barno ko Azbin ake kawo shi, kuma a cinikin wancan zamani akan ba da bayi da dama a kan doki ɗaya. Ga shi kuma ba ya noma, sai ci: dawa da harawa da dusa da kanwa, rani da damina, tare da yaran da za su yi masa hidima. Sulke kuwa, watau rigar da aka saƙa da ƙananan zobban ƙarfe, yawancinsa ta hamada ya shigo daga Masar da ƙasashen Arewacin Afirka. Ruwan takobi ma akasari na waje ne. Barth ya ga ana shigo da dubbai daga garin Solingen na Jamus zuwa kasuwar Kano, inda masu sana'a ke yi musu ƙota da kube.

Sauran kayan duk aikin gida ne, kuma a nan ne kasuwar birni ta zama uwar rundunar. Maƙera ke ƙera linzami da likkafa da ƙaimi da kan mashi. Masassaƙa ke fafe itacen sirdi, dukawa su lulluɓe shi da fata, su ɗinka majayi da ragama da kube. Garkuwa da ƙirgin sa ake yin ta, mafi daraja kuwa ita ce ta fatar warwaji da Azbinawa ke kawowa. Lifidi aikin maɗinka ne: tufa ce mai ruɓi wadda ake cusa wa audugar rimi a dinƙe ta da kauri, a sa wa doki a sa wa mahayi, domin kibiya ta maƙale a ciki. A ƙarni na 18, lokacin da Katsina ke kan ganiyarta ta cinikin hamada, ayarin Agadas da na Gadamas sun sa duk waɗannan kaya suna samuwa a birnin. Barde yana tsare hanyar fatake, fatake suna kawo abin da barde zai hau da abin da zai ɗaura. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fahimci wannan, domin a cikin Usulus Siyasa, littafin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya haɗa gina garuruwan tsaro da kula da masu sana'a da gyaran kasuwanni da hanyoyi a cikin wajiban shugaba.

4.0 Matakan Tarbiyya

Hanyar da ake bi a zama barde ita ce barantaka, watau zaman yaro a ƙarƙashin ubangida, yana yi masa hidima shi kuma yana ɗaukar nauyinsa. Bisa abin da aka tattara daga bakin dattawa da rubuce-rubucen ƙarni na 19, ana iya kasa wannan tarbiyya mataki huɗu.

4.1 Barga

Yaro ɗan gidan sarauta, ko ɗan bara, ko bacucane da aka haifa a gidan, a barga yake fara sanin doki. Shi ke yankan ciyawa, shi ke share turke, shi ke jiƙa kanwa, shi ke kai doki shan ruwa. A hanyar mashaya ne yake fara hawa ba sirdi. A nan yake koyon ɗaura sirdi da sa linzami da dabaibayi, ya san doki mai lafiya da mai ciwo, ya san sunayensu bisa launi, irin su akawal da kili da gunya da bidi da danda. A wannan shekaru ne kuma yake zuwa makarantar allo, ya sami abin yin salla da ladubban addini.

4.2 Wasanni da Farauta

Da ya tasa sai ya shiga kokawa da langa a dandali, inda ake gane mai ƙarfi da mai juriya. Farautar rani, wadda gari kan fita gaba ɗaya, ita ce ta fi kusa da yaƙi: ana tafiya cikin ƙishirwa, ana jifa da mashi, ana bin umarnin shugaba, sau da yawa kuma akan yi rigima a kan nama tsakanin ƙungiya da ƙungiya. Kilisa da sukuwa su ke koya wa saurayi sarrafa doki, ya sake shi a guje sa'an nan ya tsayar da shi cik a wuri ɗaya. Jafin da ake yi wa sarki ran Salla ragowar wannan horo ne.

4.3 Bin Ubangida

Mataki na uku shi ne fita yaƙi a matsayin yaron barde. Yakan yi zagi a gaban dokin ubangidansa, ko ya ja dokin canji, ko ya ɗauki garkuwa da masu da guzuri. Ɗan lifidi musamman ba ya iya komai shi kaɗai. Hugh Clapperton, wanda ya ga rundunar Sakkwato ta kewaye Gobirawa a Konya cikin 1826, ya bayyana yadda sai an taimaki 'yan lifidi kafin su hau, saboda nauyin abin da ke jikinsu. Yaron da ke wannan hidima yana ganin yadda ake jan daga, da yadda 'yan baka ke buɗe faɗa, da lokacin da ake sakin dawaki, da abin da kan sami wanda ya rabu da jama'arsa.

4.4 Samun Doki

Idan saurayi ya nuna ƙwazo, sai ubangida ya ɗora shi a kan doki, ya ba shi takobi da riga. Daga ranar ya shiga sahun mahaya. Abin lura a nan shi ne, dokin na ubangida ne, kuma wanda ya ba da shi yana iya karɓe abinsa. Wanda ya ci gaba da yin fice sai a yi masa aure, a ba shi gida, wata rana a naɗa shi sarauta har ya sami nasa barori. Ta haka ne bawan sarki kan kai matsayin da ɗa mai asali zai rusuna masa.

5.0 Halayen da Ake Nema

Halayen barde daga tushe biyu suka fito, al'adar Hausawa ta gado da kuma koyarwar Musulunci, sun kuwa cuɗanya har ba a raba su da sauƙi.

Na farko shi ne jarumtaka, kishiyarta kuwa ragwantaka. Mafi munin abin da zai sami barde shi ne a ga rauni a bayansa, domin alama ce ta ya juya. Makaɗa da maroƙa su ne masu ajiye wannan hisabi. Kowane barde sananne yana da takensa da kirarinsa, kuma idan aka kaɗa taken mutum a gaban jama'a, ja da baya ya zama abin da ba zai iya ɗauka ya koma gida da shi ba. Tambari da kakaki da algaita da kuge suna cikin kayan yaƙi kamar yadda mashi yake.

Na biyu shi ne amana. Barde ya ci abincin ubangidansa, ya hau dokinsa, saboda haka ba ya barinsa a fagen fama ko da rai ko ba rai. Na uku shi ne kyauta. Ana sa ran abin da ya samo zai bi ta hannunsa zuwa ga barori da makaɗa da malamai, domin barde marowaci ba ya tara jama'a, wanda ba shi da jama'a kuwa ba a ba shi sarauta. Na huɗu shi ne haƙuri da kunya: jure yunwa da ƙishirwa da zafin rauni ba tare da raki ba, da kame baki a gaban manya. Yawancin waɗannan suna cikin halaye goma da A.H.M. Kirk-Greene ya lissafa a 1974 a nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Hausawa. Wannan ya nuna ba wata ɗabi'a ta daban aka ƙaga wa barade ba. Halin kirkin da ake nema ga kowa ne, aka tsananta shi a kan wanda aka damƙa wa makami.

Ta fuskar addini kuwa, littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Katsina, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, sun shimfiɗa dokoki bayyanannu. Gudu daga fagen fama babban zunubi ne matuƙar abokan gaba ba su wuce ninki biyu ba. Ba a kashe mata da yara. Wanda aka ba aminci ba a taɓa shi. Ganima ba a ɓoye ta: ana fitar da humusi, watau kashi ɗaya cikin biyar, sa'an nan a raba saura, mahayi ya sami kashi 3, biyu na doki ɗaya nasa, dakare ya sami kashi 1. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano da Katsina, ya rubuta wa sarakuna nasiha a kan adalci da zama cikin shiri, kuma shugabannin jihadi sun sake jaddada waɗannan dokoki, alal misali a cikin Bayanu Wujubil Hijra na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1806).

Tare da haka barde bai rabu da tsarin jiki irin na gargajiya ba. Layu da guraye da kambuna, da maganin ƙarfe da kau-da-bara da sagau da layar zana, duk suna cikin shirinsa, kuma samunsu daga malami ko boka wani ɓangare ne na tarbiyyarsa.

6.0 Kwatanci da Baraden Turai

A Faransa da Ingila, tsakanin ƙarni na 11 da na 15, ɗan babban gida kan bar iyayensa yana da shekara kamar 7 ya koma gidan wani basarake yana hidima. A wajen shekara 14 sai ya zama mai ɗaukar garkuwar wani barde, yana kula da dokinsa da makamansa, a wajen shekara 21 kuma a yi bikin ɗaura masa takobi. Kamar da ke tsakanin wannan da barantaka a fili take. Kalmar da Ingilishi ke kiran barde da ita ma asalin ma'anarta yaro ko bara, ta Faransanci kuwa daga sunan doki aka ciro ta, kamar yadda Larabawa suka ciro farisi daga farasu. Halayen da littattafansu suka zayyana, irin na Ramon Llull (wajen 1275) da na Geoffroi de Charny (wajen 1350), su ne jarumtaka da biyayya da kyauta da kare raunana.

Bambancin kuwa uku ne. Na ɗaya, a Turai matsayin ya rikiɗe ya zama na gado, har ya yi wuya ɗan talaka ya shiga, alhali a ƙasar Hausa bawa na iya zama babban barde. Ta wannan fuska baraden Hausa sun fi kusa da Mamalik na Masar (1250-1517), waɗanda bayi ne da aka horar a kan doki. Na biyu, barden Turai kan zauna a kan ƙasarsa ta gado a cikin ginin tsaronsa, shi kuwa basaraken Hausa a birni yake zaune kusa da sarki, garuruwan da yake ci kuma na sarautar ne, ana iya tuɓe shi. Na uku, adabin Turai ya ɗaura jarumtaka da begen wata mace mai daraja, adabin Hausa kuwa ya ɗaura ta da ubangida da gari da suna.

7.0 Tsakanin Manufa da Aiki

Wajibi ne mai nazari ya bambance abin da ake yabo da abin da ake aikatawa. A Turai, dalilin da ya sa malaman Kirista suka yi taro a Charroux a 989 suka haramta taɓa manoma da masu ibada shi ne barade na taɓa su. A ƙasar Hausa ma da yawa daga hare-haren rani ba na tsaron gari ba ne, na neman bayi ne, domin da bawa ake sayen doki, da doki kuma ake kamo bawa. Mutumin da makaɗan birni ke wasawa, a wurin ƙauyen da ya faɗa wa da asuba wani suna gare shi. Ganuwowi da ƙauyukan kan duwatsu da ke warwatse a kudancin ƙasar Hausa shaida ne na tsoron mahaya. Malam Abdullahi Ɗanfodiyo da kansa ya koka a kan yadda wasu mayaƙan jihadi suka karkata ga tara dawaki da tufafi da ƙwaraƙwarai, har ya bar runduna ya nufi gabas a wajen 1807 kafin mutanen Kano su tsayar da shi.

Haka kuma doki da lifidi ba su hana faɗuwa. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu, da dawaki kaɗan ƙwarai, suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai barade da 'yan lifidi, kamar yadda 'yan bakan Ingila suka yi wa baraden Faransa a Crécy a 1346. Amma da aka ci Katsina a 1807, sababbin sarakuna suka gaji barga da sarautunta, tsofaffin kuma suka kafa Maraɗi da nasu Ƙaura da nasu barade. Yaƙin da aka yi ta yi tsakanin ɓangarorin biyu a ƙarni na 19 shi ya fito da sunaye irin su Ƙaura Hasau na Maraɗi da Ɗanwaire na Ruma, waɗanda har yanzu ake ba da labarinsu. Abin da ya rufe wannan babi shi ne bindiga mai aman harsashi. A Kwatarkwashi, cikin Fabrairu 1903, baraden Kano suka yi ta afka wa sojan Ingila har Waziri Ahmadu ya faɗi, kuma a cikin shekarar nan Katsina ta shiga hannun Turawa.

8.0 Abin da Ya Rage

Bayan 1903 doki ya koma na hawan Salla da wasa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906-1944) ya rungumi wasan ƙwallon doki, ɗansa Usman Nagogo (1944-1981) kuma ya shahara a kansa ƙwarai. Sarautun yaƙi suka zama na hakimai: Ƙaura a Rimi, Durɓi a Mani, 'Yanɗaka a Dutsinma.

Inda barde ya fi barin sawu shi ne a harshe. Ana cewa shugaba ya riƙe ragamar mulki, ɗalibi ya ƙara ƙaimi, likkafar wane ta yi gaba, a ja wa yaro linzami, matsala ta dabaibaye aiki, an ja daga a majalisa. Sababbin abubuwa ma da tsofaffin kalmomin aka raɗa musu suna: mota mai sulke, makami mai linzami, garkuwar jiki. Yaro na iya faɗin waɗannan duka alhali bai taɓa ganin an ɗaura sirdi ba.

9.0 Kammalawa

An ga cewa tarbiyyar barde a Katsina ta bi ta barga da dandali da bin ubangida har zuwa samun doki, kuma halayen da aka nema gare shi su ne jarumtaka da amana da kyauta da haƙuri, a cikin iyakokin da shari'a ta gindaya, ko da yake aiki bai cika dacewa da manufa ba. An kuma ga cewa bayan kowane barde akwai maƙeri da baduku da maɗinki da bafatake. Sunayen sassan sirdi da na ɗinkin lifidi da na launin dawaki suna nan a bakin tsofaffin masu sana'a a kasuwa da masu kula da barga a gidajen sarauta, kuma yawancin masu wannan sani sun manyanta. Tattara waɗannan kalmomi daga bakinsu, tare da bayanin yadda ake aiki da kowane abu, aiki ne da ke jiran ɗaliban harshe da al'ada, kuma ya fi kyau a yi shi tun masu shi suna da rai.